Allurar Kaka, Lissafin Uwa: Yadda Yaro Ke Fara Sana'ar Hannu a Gida

A shekarar 2011, a birnin Memfis na jihar Tenesi ta Amurka, wani yaro ɗan shekara tara mai suna Moziah Bridges ya ishi mutanen gidansu da zancen laktaye. Dogon nan da ma'aikatan banki ke ratayawa bai dame shi ba. Ƙaramin yake so, wanda ake ɗaurewa a maƙogwaro ya baje kunnuwa biyu, dama da hagu. Yaro ne mai son gayu tun yana ɗan mitsitsi, irin wanda zai sa kwat don kawai zai fita wasa. Waɗanda ake sayar wa yara a kantuna ba su yi masa ba, domin launinsu babu armashi, kuma yawancinsu na maƙalawa ne.

A gidan akwai kaka, tela ce da ta daɗe tana ɗinki kafin ta ajiye aiki. Maimakon ta ce masa ya yi haƙuri da abin da ke kasuwa, sai ta zaunar da shi gaban keken ɗinki, ta fito da guntayen ƙyallen da ta tara shekara da shekaru, ta nuna masa yadda ake yanka da yadda ake haɗawa. Na farkon da ya ɗinka na wuyansa ne. Da ya fara fita da su mutane suka riƙa tambayar inda ya samo. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa cinikinsa na farko musaya ce ya yi da abokan wasansa, ya ba su laktaye su ba shi duwatsu. Daga baya kuɗi suka shigo, aka laƙaba wa sana'ar suna Mo's Bows, aka fara sayarwa ta shafin Etsy, kasuwar intanet da aka kafa a 2005 domin masu aikin hannu.

A nan ne aikin mahaifiyarsa, Tramica Morris, ya taso. Etsy ba ya barin ƙaramin yaro ya buɗe shago da sunansa, sai wanda ya cika shekara 18. Karɓar kuɗi, aika kaya ta gidan waya, biyan haraji, sa hannu a takarda, duk babu wanda ɗan shekara tara zai iya. Shi ke zaɓen yadi da launi, shi ke tsayawa gaban masu saye ya yi musu bayani da bakinsa mai zaƙi. Kaka da 'yan uwa na kan keke idan aiki ya yi yawa. Uwa na riƙe da littafin lissafi, kuma ita ke cewa a tashi a yi aikin makaranta.

A 2014 aka nuna shi da mahaifiyarsa a Shark Tank, shirin talabijin da masu ƙananan sana'o'i ke zuwa neman jari wurin attajirai. Sun nemi dala 50,000 a kan su ba da kashi 20 cikin ɗari na kamfanin. Ɗaya daga cikin attajiran, Kevin O'Leary, ya ce zai ba da kuɗin, amma za a riƙa cire masa dala 3 a kan kowane laktaye da aka sayar. Wani kuma, Daymond John, ya ce shi ba zai ba da ko sisi ba, kuma yana ba su shawara kada su karɓi kuɗin kowa a wannan mataki. Abin da zai ba yaron shi ne lokacinsa da jagorancinsa, kyauta. Uwa da ɗa suka zaɓi wanda bai ba su kuɗi ba.

Daymond John ya san abin da yake faɗa. Shi ma da ɗinki ya fara, a unguwar Hollis ta birnin New York. Mahaifiyarsa ce ta koya masa taka keke, ya ɗinka hulunan sanyi ya fita bakin titi yana sayar da kowace a dala 10, har ya yi cinikin dala 800 a rana guda. Da harka ta fara kankama, ita ce ta jinginar da gidan da suke ciki aka samo dala 100,000 aka zuba a kamfanin tufafin da duniya ta sani da suna FUBU. Ya ga kansa a jikin yaron, ya kuma ga mahaifiyarsa a jikin Tramica.

Abin da ya biyo baya sananne ne a Amurka. Babban kantin nan Neiman Marcus ya fara sayar da kayansa. A 2015 ya je fadar White House ya miƙa wa Shugaba Barack Obama shuɗin laktaye, mujallar Time kuma ta sa shi cikin matasa masu tasiri na shekarar. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ba shi lasisin yin laktaye da tambarin ƙungiyoyinta. Ya kuma ware wani nau'in laktaye da kuɗinsa ke tafiya wajen biya wa yaran Memfis kuɗin sansanin hutu.

Jaridu sun fi son hoton yaron shi kaɗai, sanye da kwat, ana kiransa shugaban kamfani. Hoton yana da kyau, amma ya rage mutane. Inda babu kakar da ta iya ɗinki kuma take da haƙurin koyarwa, da an tsaya a ƙorafin kanti. Inda babu uwar da ta iya cewa a'a ga dala 50,000, da wani ne ke cin ribar har yau. Yaro yana kawo sha'awa da ido da rashin tsoro. Sauran duka, daga allura har zuwa sanin ranar da za a huta, na manya ne. Kuma yadda manyan suka riƙe nasu ɓangaren shi ke raba sana'ar da ke gina yaro da wadda ke cinye shi.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram ba zai ga baƙon abu a wannan labari ba, in ban da talabijin da dala. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi burge shi a saƙa da rinin birnin shi ne a cikin gidaje ake yinsu, iyali na samun abinci ba tare da an kwashe su zuwa manyan masana'antu irin na Turai ba. Ɗan maƙeri na zuga-zugi tun kafin ya iya ɗaga masaba. Ɗan dukawa na shafa wa fata mai yana kallon yadda ake yanka. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, haka aka riƙa miƙa sana'a hannu zuwa hannu. Ba a banza Bahaushe ke cewa gado ba karambani ba ne.

A ƙarshen shekarun 1970, wata masaniyar halayyar al'umma Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal tana nazarin aikin yara. Ta ga yadda matan da ke cikin kulle ke gudanar da sana'a mai ƙarfi ta hannun 'ya'yansu, yara su sayo kayan haɗi, su fita da abin sayarwa, su dawo da ciniki. Ta ga yadda ribar tallar yarinya ke taruwa a kayan ɗakinta. Ta kuma lura da wani abu da manya ba su cika kulawa da shi ba: yaran suna da 'yar kasuwarsu tsakaninsu, yarinya ta yi ɗan girkinta da kuɗinta ta sayar wa sa'o'inta. Zamanta ya zo daidai da shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, don haka a gabanta aka fara ja-in-ja tsakanin farantin talla da allon makaranta, rigimar da ba a gama ba har yau.

A cikin sana'o'in da yaro kan fara a gida, ɗinkin hula ya fi kowace nuna yadda abin ke tafiya, domin aikin a rarrabe yake. Ana sayen farin ƙyalle, a yanka jiki daban, kai daban. A kai wa mai zane ya fitar da zayyana. Sannan mai ɗinki ya zauna da allura da zare masu launi yana bin zanen ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci makonni idan hular mai cikar aiki ce. In an gama a haɗa kai da jiki, a miƙa wa masu wankin hula su wanke, su sa sitaci, su kifa ta a kan icen da aka sassaƙa daidai kan mutum har ta bushe ta tsaya ƙyam. Daga nan sai kasuwa, inda zanna bukar da damanga da ƙube da tangaran kowace ke da masoyanta da farashinta.

Ɗinkin shi ne wurin da yara ke shiga. Ba ya buƙatar wuta ko injin, ba ya buƙatar fita. Yarinya 'yar shekara goma na iya zama kusa da yayarta bayan an taso daga Islamiyya, a ba ta kan hula ta fara da shi, domin ya fi ƙanƙanta kuma kuskure a kansa bai kai na jiki tsada ba. Ƙarfin wannan sana'a ya fito fili bayan Satumban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama garin Bama, garin da hularsa ta yi suna a duk arewa. Mutanen da suka tsere zuwa Maiduguri sun bar gonaki da shaguna, amma hannunsu ya biyo su. A sansanonin 'yan gudun hijira, ɗinkin hula ya ciyar da gidaje da yawa, uwa na yi, 'ya'ya na yi.

To amma akwai ɗinki iri biyu, kuma bambancinsu babba ne. Akwai na ƙwadago, inda dillali ko mai shago ke kawo ƙyalle da zare, a ɗinka masa, ya biya kuɗin aiki ya tafi da hula. Akwai kuma wanda mai ɗinkin ce ta sayi kayan da kuɗinta, hular tata ce har ranar da za a sayar. Yawancin yara a na farkon suke makalewa, shekara da shekaru, suna ɗinka abin da ba su san nawa ake sayar da shi a kasuwar Kurmi ta Kano ba. Abin da ke tsallakar da yarinya zuwa na biyun bai taka kara ya karya ba: kuɗin ƙyalle ɗaya, zare, ladan mai zane, ladan mai wanki, da wani babba da zai kai hular kasuwa ya dawo da kuɗin cif. Wannan ɗan jarin, wanda kawu ko gwaggo za su iya fitarwa ba tare da sun ji a jikinsu ba, shi ne taimakon da ya fi kowane amfani, kuma shi aka fi mantawa da shi. Ana yaba wa yarinya cewa hannunta na da kyau, a sa mata albarka, a bar ta tana yi wa wani arziki.

Akwai dalilin da ya sa koyarwar kan fi tafiya a hannun kaka, a Memfis ko a Katsina. Uwa tana da girki da goyo da nata neman kuɗin, kuma a gidan Bahaushe akwai kunyar ɗan fari da ke hana ta sakin jiki da shi. Kaka ba ta da wannan shamaki. Tsakaninta da jika wasa ne: namiji maigidanta ne, mace kishiyarta. Za ta iya duba ɗinkin ta ce, "Kishiya, wannan ai ko kyauta ba na karɓa, warware ki sake," yarinya ta yi dariya ta warware. Inda uwa ce ta faɗi haka da tuni an kumbura baki. Gyara cikin wasa yana shiga, kuma aikin hannu ba ya samuwa sai da gyara sau ɗari.

Ba hula kaɗai ba ce. Akwai faifai da mafici da tabarmar kaba, akwai saƙar kwarashi ta hular jarirai da safa, akwai jaka da abin hannu na duwatsu da 'yan mata ke yi yanzu, akwai zanen lalle da ke kawo kuɗi a lokacin biki da salla. Yara maza kuma tun da can suna ƙera motar kara da ta gwangwani da kejin tsuntsu, har su sayar wa waɗanda ba su iya ba. Sai dai ba kowace sana'ar gida ce ta dace da ƙaramin yaro ba. Haɗa sabulu, wanda ya yaɗu sosai ta hanyar tarukan koyar da sana'a, ana yinsa da soda mai ƙona fata da makantar da ido. Turaren wuta da suyar gyaɗa aikin bakin murhu ne. Waɗannan a bar wa manya haɗawa, yaro ya tsaya a ƙullawa da liƙa takarda.

Sai batun da ya fi ɗaci. Da yawa daga abin da ake kira koya wa yaro neman na kansa, talla ce kawai aka sauya wa suna. Yarinya ta fita da faranti tun hantsi, ta bi tasha da gareji da majalisar maza, ta dawo bayan magariba, in ciniki bai cika ba ta sha faɗa. Ba ta koyi yin komai da hannunta ba, ba ta ga aji ba, kuma abin da ke samun irin waɗannan yara a lunguna kowa ya sani, sai dai a kau da kai. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna yara sama da miliyan 24 'yan shekara 5 zuwa 17 a Najeriya na cikin aikin da ya wuce ƙa'ida. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana amfani da yaro wajen talla a titi, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Hatta yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, da ta halatta wa 'yan shekara 13 zuwa sama aiki mara nauyi, ta gindaya sharaɗin kada ya taɓa lafiyarsu ko karatunsu.

Babu mai musun cewa talauci ne ke tura yawancin iyaye, kuma uwar da ba ta fita ba ta da wata ƙafa sai ta 'yarta. Amma aikin hannu yana da wata falala a nan da abincin sayarwa ba shi da ita: ba ya lalacewa. Ƙosai in bai ƙare yau ba gobe asara ne, shi ya sa dole yarinya ta yi ta yawo. Hula ko faifai ko jaka za su iya zama a akwati wata guda suna jiran mai saye. Wannan ya sa babba zai iya ɗaukar nauyin sayarwar baki ɗaya, yaro ya tsaya a yi. Yayanta da ke zuwa kasuwa ranar Juma'a ya tafi da su. Uwa ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, inda matan aure da yawa suka mayar da shagonsu yanzu. Su kansu WhatsApp da Facebook da Instagram ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba, don haka wayar ta babba ce, mai amsa saƙo ma babba ne. Hoton kayan ya isa. Fuskar yarinya da sunan makarantarta da kwatancen gidansu ba kayan talla ba ne, komai yawan masu cewa hakan ke jawo ciniki.

Tambayar da ake gudu a gidaje da yawa ita ce: kuɗin na wane ne? A Amurka an taɓa yin shari'ar da ta girgiza mutane a kan haka. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim a 1921 ya tara dukiya mai yawa, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, shekara ta gaba jihar Kalifoniya ta yi dokar da har yau ake kira da sunansa, wadda a yanzu ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ɗan wasa ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Musulmi ba ya buƙatar zuwa Kalifoniya neman wannan hukunci. A fiƙihu yaro yana mallaka tun yana cikin zanen goyo, waliyyinsa mai tsaro ne. Aya ta shida a Suratun Nisa'i, da ke magana a kan dukiyar marayu, ta yi umarni a riƙa jarraba hankalinsu kafin a miƙa musu abinsu, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa daga cikin hanyoyin jarrabawar akwai ba yaro ɗan abin da zai juya a ga yadda zai yi.

A aikace, abin da aka saba shi ne "kawo in ajiye miki", daga nan kuma shiru. Wani lokaci babu mugun nufi, cefane ne ya gaza aka taɓa, da niyyar mayarwa. Amma yaron da ya yi wata guda yana tsikarar yatsa, ya ga kuɗinsa sun narke ba bayani, darasin da ya ɗauka shi ne aiki ba ya biya. In gida na cikin matsi har sai an ci daga ribarsa, a faɗa masa, a kira abin da sunansa, gudummawa ce ko rance. Yara sun fi yadda ake zato son a ce da su aka rufa asirin gida. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne a ɗauka kamar ba nasu ba ne. Kayan ajiyar kuwa al'ada ta tanada: asusun ƙasa da ba a buɗewa sai an fasa, da adashin da uwa za ta shigar da hannu ɗaya da sunan 'yarta. Bankuna ma suna buɗe asusun yara a ƙarƙashin kulawar iyaye.

Lissafi shi ne ɓangaren da dangi suka fi ɓatawa, kuma da ƙauna suke ɓata shi. A ɗauka yarinya ta sayar da jakar duwatsu naira 3,000. Murna za ta yi ta ce ta samu dubu uku. In Baba ne ya sayo duwatsun da zaren na naira 1,800 bai ce komai ba, yayanta kuma ya kai wa mai saye a kan babur ɗinsa bai karɓi na mai ba, to ba ta san cewa ribarta ba ta kai naira 1,200 ba, kuma duk ranar da aka janye wannan tallafi sana'ar za ta faɗi. Gara a ba ta jarin a matsayin rance, ta biya daga cinikin farko, a rubuta a bayan littafin makaranta: abin da aka kashe, abin da aka sayar, abin da ya rage. Uwa da riba, kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗa. Yarinyar da ke jin tsoron lissafi a aji sau da yawa a nan take gane amfanin ɗebewa.

Haka batun masu saye na farko. Kusan kullum dangi ne da maƙwabta, kuma iri biyu ne. Akwai gwaggon da za ta biya ninki biyu don ƙarfafa gwiwa, ko da ɗinkin a karkace yake. Akwai kawun da zai ɗauka ya ce "zan aiko", an gama ke nan, domin yaro ba ya bin babba bashi. Ta farkon tana ɓoye wa yarinya gaskiyar kasuwa, na biyun yana cin jarinta. Uwa ko kaka ce kaɗai ke da bakin da za ta ce, "Malam, kuɗin 'yarka fa, jarinta ne," cikin raha amma ana nufi. Gwajin gaskiya yana zuwa ne ranar da wanda bai san gidan ba ya juya kayan a hannunsa, ya taya, aka yi ciniki har aka ce masa albarka ko aka sallama.

Makaranta ma ta gane muhimmancin abin. A 2011 aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare a Najeriya, har da rini da aikin fata da ɗinkin tufafi. Sai dai a makarantu da yawa a allo aka riƙa koyar da su, babu keke babu fata babu baba. Yaron da ya riga ya riƙe allura a gida shi ke shiga irin wannan aji da abin da zai ɗora bayanin malam a kai.

Lokacin da ake gane wace irin sana'a gida ke yi da yaronsu shi ne gab da salla. Kasuwar hula da lalle da kayan kwalliya na tashi, masu saye na ta aiko saƙo, kowa na son nasa kafin hawan idi. Kuɗi ne a fili, kuma a shekarun da azumi ya faɗo cikin zangon karatu, jarrabawa na nan tafe. Yarinya ba za ta ce a'a ba. Tana son kuɗin, tana son yabon, tana kuma tsoron ɓata wa manya rai. Za ta zauna da fitilar waya har tsakar dare tana bin zane, ido na ruwa, wuya na ciwo, gobe ta yi gyangyaɗi a aji. Wanda ke riƙe da wayar shi zai ƙirga abin da hannunta zai iya gamawa tsakanin la'asar da magariba, ya karɓi aiki daidai wannan, ya amsa wa sauran cewa sai bayan salla, ko ya miƙa su ga maƙwabciyar da ita ma take ɗinki.